Abin da Katafila Ta Binne

Kowane ginin ƙasa yana da raminsa. Duk katangar da ka gani a tsaye, akwai wurin da aka ƙwaƙulo ƙasar da ta tayar da ita. A tsohon birnin Kano ba sai ka yi doguwar tafiya ba kafin ka ga wannan rami: yana nan bayan unguwa, cike da ruwa, ana ce masa kududdufi. Daga cikinsa magina suka ɗebi ƙasa, suka kwaɓa, suka mulmula tubali suka shanya a rana, suka ɗora zaure da soro. Kowace shekara, idan damina ta wuce, sai a koma a ƙara haƙa domin yaɓe. Unguwa tana tashi sama, raminta yana ƙara zurfi.

Badala ma haka ta samu. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuma ya faɗaɗa ta. Ƙasar da aka tara ta zama ganuwa daga gefenta aka haƙo ta, ramin da ya rage a waje ya zama shinge na biyu ga mahara. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851, tafkunan cikin gari da fadamar Jakara suna cikin abubuwan da ya rubuta a kansu.

Ramin nan ba a banza yake zaune ba. Mafi yawan ruwan da Kano take samu a shekara yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya, cikin sa'a ɗaya ko biyu. Ruwan yana zubowa daga indararo zuwa lungu, daga lungu zuwa kwata, daga kwata zuwa kududdufi. Mu yi ɗan lissafi. A ce kududdufi yana da tsawon mita 50, faɗin mita 30, zurfin mita 3. Cikinsa zai ɗauki lita miliyan 4.5. Ruwan sama mai ƙarfi na milimita 50, idan ya sauka a kan hekta ɗaya, lita 500,000 ne. Ke nan wannan rami guda, in ya tarar da shi a bushe, zai iya shanye ruwan da ya zuba a kan hekta tara. Daga baya wani ya tsotse cikin ƙasa ya ciyar da rijiyoyin unguwa, wani rana ta ƙafar da shi.

Ba ina yi wa kududdufi kirari ba ne. Na tashi a kusa da shi, na san warinsa da bazara. Gidan sauro ne, matattarar ruwan kwata ce, ana kamuwa da tsargiya a ruwansa, kuma duk unguwar da ke da shi iyaye mata ba sa samun kwanciyar hankali idan yara sun daɗe a waje da damina. Wanda ya ce a cike shi yana da hujja. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake cikewar, da abin da ake ɓoyewa a cikinta.

A da, cike irin wannan rami ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Da jaki da mangala za ka shekara ba ka rufe kusurwa guda ba. Katafila da tifa ne suka sauya lissafin. Ramin da muka auna ɗazu, tifa mai ɗaukar kubik mita 10 za ta yi sawu 450, ko fiye, ta shafe shi. Sawu 450 na jar ƙasa mai kyau kuɗi ne mai yawa, shi ya sa mai neman riba ba ya bin wannan hanya. Da farko yakan bari wurin ya zama bola, unguwa ta yi masa ciko kyauta da shara da leda da toka. Sai ya sayi ɓaraguzan gidajen da aka rushe a zuba a kai. A ƙarshe a kawo jar ƙasa a shimfiɗa 'yar kaɗan a sama, katafila ta baje, a kafa duwatsun iyaka, a yanka fuloti. Da rani ake kai mai saye ya gani, lokacin da wurin ya bushe ya yi sumul kamar filin idi.

Domin a gane illar wannan, sai a tuna da daɓe. Iyayenmu mata, idan za su daɓe ɗaki, ba sa jibge ƙasa su tafi. Sukan shimfiɗa ta kaɗan, su yayyafa ruwa, su bi ta da madaɓi har ta haɗe, sannan su ƙara. Sun san ruwan in ya yi kaɗan ƙasa ba za ta kama ba, in ya yi yawa ta zama taɓo. Abin da injiniyoyi suke yi ke nan da manyan injuna. Ƙasar da aka haƙo takan kumbura saboda iska ta shiga tsakanin ƙwayoyinta, kuma sai an fitar da iskar nan kafin ta iya ɗaukar nauyi. A 1933 wani injiniya a Amurka, Ralph Proctor, ya fito da gwajin da ke nuna yawan ruwan da kowace irin ƙasa take buƙata domin ta danne iyakar dannuwa, kuma har yau da shi ake aiki.

Ciko na gaskiya yana farawa ne da kwashewa kafin zubawa. A janye ruwan, a kwashe laka da shara da baƙar ƙasar sama mai saiwoyi, har a tarar da ƙasa mai tauri. Sannan a zuba burji ko jar ƙasa mai tsabta hawa-hawa, kowane hawa bai wuce kaurin santimita 15 zuwa 30 ba, a jiƙa shi daidai, rola ta bi ta kansa sau da yawa, a gwada, kafin a ɗora na gaba. Ƙa'idar da aka fi bi a manyan ayyuka ita ce kowane hawa ya kai kashi 95 cikin 100 na dannuwar da gwajin ya nuna. Katafila ba ta yin wannan aiki. Sarƙar ƙafarta an yi ta ne domin ta rarraba nauyinta kada ta nutse, saboda haka turawa da bajewa ne nata, dannewa na rola ne.

Ƙasar da ba a danne ba za ta danne kanta, amma a hankali, cikin shekaru, kuma ba daidai ba. Shara tana ruɓewa ta motse. Manyan ɓaraguzai suna barin kogo a tsakaninsu, ruwan damina ya riƙa jan ƙasa mai laushi yana cusawa ciki. Wani ɓangaren gida ya sauka, wani ya tsaya, kuma bulo da siminti ba sa lanƙwasa.

Na ga wannan a gidan wani ɗan uwana, malamin makaranta, wanda ya haɗa kuɗin adashi da na gadonsa ya sayi fili a irin wannan wuri. Ya yi fandisho kamar yadda kowa yake yi, bai rage siminti ba, bai rage rodi ba. Damina ta uku ƙofar ɗakin matarsa ta fara ƙin rufuwa. Ta huɗu sai tsaga ta fito daga kusurwar taga ta gangara a karkace zuwa ƙasa. Ya sa aka toshe, ta sake buɗewa. Da aka haƙa gefen katangar domin a duba, ƙasa da mita ɗaya aka fara ciro leda da tsofaffin takalma. Wani dattijo maƙwabcinsa ya ce masa, "Malam, ai nan muke kamun tarwaɗa muna yara." Wanda ya sayar masa ya daɗe da karɓar kuɗinsa. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Asarar ba ta tsaya ga mai gida ba. Ruwan da ramin yake shanyewa bai fasa sauka ba don an cike ramin. Sabon filin yakan ɗara tsofaffin gidaje tudu, sai ruwan ya juya ya shiga zauren mutanen da ba su sayar da komai ba, ba su sayi komai ba. Gidajen ƙasa su ne suka fi shan wuya, domin ruwa in ya kwanta a gindin katangar ƙasa kwana biyu ya gama da ita. Can bayan gari kuma, inda tifofin suka ɗebo jar ƙasar, an bar sabon rami a tsakiyar gonaki, mai gaɓa a tsaye, ba shinge, ba mai kula. Ramin bai ɓace ba, ƙaura aka yi masa zuwa wurin waɗanda ba su da murya.

Mai shirin sayen fili yana da abin yi, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Ya je ya ga wurin a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ya bar dillali a mota ya zauna da tsofaffin unguwa ya tambaye su me ke wurin shekara talatin da suka wuce. Ya dubi katangun maƙwabta ko suna da tsaga. Ya roƙi izini a haƙa ramin gwaji biyu ko uku, zurfin tsayin mutum ko fiye, ya ga abin da zai fito; mai filin da ya ƙi yarda ya riga ya ba da amsa. In bene zai ɗora, ya biya a yi gwajin ƙasa, domin injiniya ya san ko za a gangara da ginshiƙai har ƙasa mai tauri, ko a zuba shimfiɗar kankare guda a ƙarƙashin gidan duka. Tun ran gini ran zane.

Sauran aikin na hukuma ne da masu unguwanni. Kududdufan da suka rage a ƙidaya su, a sa su a taswira a matsayin hanyar ruwa, a kewaye su, a hana zuba shara da ruwan masai a ciki. Wanda ya zama dole a cike, kada tifa ta farko ta juye kayanta sai an gina magudanar da za ta karɓi ruwansa, an kuma nuna wa mutanen unguwa inda za ta kai shi.