Idon Baya: Madubi, Karen Mota da Kyamara a Hanyar Agiye

Babbar hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Birnin Ƙonni, ita ce ta ratsa Gidan Rumji ta raɓi Maraɗi, sannan ta miƙe gabas ta bi ta Agiye da Gazawa da Tasawa har Damagaram, kuma a kanta ne yawancin direbobin wannan yanki suka ci ƙuruciyarsu suka tsufa. Waɗanda suka ajiye tuƙi daga cikinsu, bayan sun shafe shekaru suna jigilar gero da gyaɗa da wake da aya tsakanin kasuwannin ƙauye da Maraɗi, wasu ma har Katsina ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, suna da wani hukunci da kusan bakinsu ya zo ɗaya a kansa, wato ba a sanin gwanintar direba a kan miƙaƙƙiyar kwalta, sai an ga yadda yake ja da baya a cikin tasha ko a bakin kasuwa ranar da take ci. Dalilinsu a fili yake, domin mai tafiya gaba yana amfani da idon da Allah ya ba shi, shi kuwa mai ja da baya da idon aro yake aiki, kuma kowane idon aro yana da irin ƙaryar da yake yi wa wanda ya are shi.

A bayan kowace babbar mota akwai wani fili da direba ba ya gani daga kujerarsa ko da ya juya wuya, wanda za a iya kira makahon wuri. Ƙaramar mota tana da gilashin baya da madubin tsakiya, amma gingimari da tirela da doguwar motar fasinja ba su da wannan gata, sai dai madubai biyu na gefe waɗanda ke nuna haƙarƙarin mota su bar abin da ke daidai bayanta a duhu. Haka ma ƙaramar bas ƙirar Hiace take zama idan an cika ta ranar kasuwa, an ɗaure buhuna a bayanta har sun rufe gilashi.  Abin da ke shiga makahon wuri a Agiye ko Gazawa ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san garin: yarinya mai tallar ruwa, akuyar da ta kwanta a inuwar taya, amalanken jaki da aka jingine, ko tsoho da ya shimfiɗa tabarma a gindin mota saboda zafin rana.

Maganin da mutane suka samar wa wannan matsala shi ne karen mota, yaron da ke bin direba yana koyon sana'a, wanda aikinsa ya haɗa da ɗaure kaya da zuba ruwa da riƙon weji, wato guntun icen da ake tokare taya da shi don kada mota ta gangara. Idan za a yi ribas yakan dira ya koma baya, yana ɗaga hannu yana cewa a taho, har ya buga jikin mota da tafin hannu alamar a tsaya. Dattawan direbobi suna cewa ba kowane yaro ake amince wa da wannan aiki a watanninsa na farko ba, domin sabon yaro yakan tsaya inda shi yake ganin mota, ya manta cewa abin da ake bukata shi ne ya tsaya inda maigidansa ke ganinsa a madubi. Daga nan aka samu ƙa'idar da ba a rubuta a ko'ina ba amma kowane tsohon direba ya san ta, cewa da zarar karen mota ya ɓace daga madubi sai a taka birki, ko da ana jin muryarsa yana cewa a ci gaba. Abin lura a nan, madubin kansa ya shigo ne a madadin mutum: a shekarar 1911, a tseren motoci na Indiyanafolis a Amurka, Ray Harroun ya ɗaura madubi a motarsa maimakon ɗaukar bakaniken da sauran masu tsere ke zaunar da shi a gefensu yana duba musu baya, kuma shi ya ci tseren.

Kyamarar baya ita ce idon aro na uku. Kamfanin Toyota ya sa ta a motarsa ƙirar Soarer a Japan a 1991, amma doka ce ta yaɗa ta, domin tun daga watan Mayu na 2018 Amurka ta wajabta wa duk sabuwar motar da nauyinta bai wuce kilo 4,536 ba ta nuna wa direba fili mai faɗin kimanin mita 3 da tsawon mita 6 a bayanta, cikin daƙiƙa 2 da sa giyar baya. Tarayyar Turai ta bi sahu, ta wajabta na'urar gano abin da ke bayan mota a kan sababbin motoci daga watan Yuli na 2024. Ta cikin motocin hannu da ake shigowa da su daga ƙetare na'urar ta fara isowa jihar Maraɗi, daga baya kuma aka samu wadda ake saye daban a kwali, kyamara da allo da waya, a kai wa mai gyaran wutar mota ya ɗaura. Wannan ta biyun ce ta fi bukatar bayani, saboda wadda kamfani ya sa an riga an daidaita ta da jikin motar, ita kuwa ta kwali ba ta san tsayin motar da za ta hau ba.

Wurin ɗaurawa shi ne matakin farko, kuma a doguwar mota an fi son a sa kyamara a sama, daidai tsakiyar bayan mota, a karkatar da ita ƙasa har gefen bamba, wato ƙarfen da ke kare bayan mota, ya bayyana a can ƙasan allo. Hikimar bayyanar bamba ita ce direba ya samu abin da zai auna nisa da shi, tunda hoton da ba a ganin wani ɓangare na mota a cikinsa ba ya gaya wa mai kallo ko abin da yake gani yana kusa ko yana nesa. Idan aka karkata ta da yawa sai ta nuna ƙasa kaɗai ta ɓoye mai babur da ke tahowa, idan kuma aka ɗaga ta sai ta nuna sararin sama da rufin shaguna ta bar yaron da ke tsugune a gindin mota. Wutar da ke tayar da allo ana jawo ta ne daga wayar fitilar ribas, yadda hoto zai fito da kansa duk lokacin da aka sa giyar baya, sai dai ƙananan motoci da wuta mai ƙarfin bolt 12 suke aiki, manyan kuwa 24, kuma kyamarar da aka ƙera don 12 kaɗai takan ƙone nan take idan aka haɗa ta da wutar gingimari. Akwai mai waya da marar waya. Marar waya ta fi sauƙin ɗaurawa, amma a motar da ta kai mita 12 ko fiye, wadda ƙarfe da kaya suka shiga tsakanin kyamara da allo, hotonta yakan yanke ko ya makara, kuma makarar daƙiƙa ɗaya ta isa taya ta kai inda ba a so.

Akwai wani saiti ƙarami da masu ɗaurawa ke yawan mantawa, wanda tsohon direba yakan gane kuskurensa da kallo ɗaya. Madubi yana nuna abin da ke hagun mota a hagu, na dama a dama, kuma da haka hannun direba ya saba tun yana yaron mota, alhali kyamarar da ke fuskantar baya, idan ba a juya hotonta ba, takan kawo na hagu a dama. Gwajin ba shi da wuya: a tsayar da mutum a bayan mota ta ɓangaren direba, wato hagu a motocin Nijar, ya ɗaga hannu, in ya fito a hagun allo to saiti ya yi daidai, in kuwa ya fito a dama sai a juya hoton, ko ta maɓallin allo ko ta wata ƴar waya da wasu kyamarori ke zuwa da ita don wannan aiki.

Inda dattawa suka fi tsawaita magana shi ne batun nisa. Gilashin kyamarar baya mai faɗin gani ne, yakan ɗauki kusurwa daga digiri 120 zuwa 170 don ya tattaro fili mai yawa cikin ƙaramin allo, kuma farashin wannan faɗi shi ne abubuwa su ƙanƙance su lanƙwashe a gefe, har abin da ke kusa ya yi kama da na nesa. Don rage wannan ruɗi ake zana layuka a kan hoton, ja na kusa, rawaya na tsakiya, kore na nesa, amma layukan kyamarar kwali zane ne kawai, ba su san mita ba sai an koya musu. Yadda ake koya musu shi ne a kai mota fili mai lebur, a auna mita ɗaya daga bamba da igiya ko ma'aunin tela a ajiye dutse, a ƙara wani a mita biyu, wani a mita uku, sannan a ajiye jarka biyu daidai faɗin mota hagu da dama. Direba ya hau kujerarsa ya zauna yadda yake zama a kullum, mai gyara yana matsar da layuka ko yana karkata kyamara, har jan layi ya hau kan dutsen farko, layukan gefe kuma su bi ta kan jarkokin. Idan allon ba ya barin a matsar da layuka, to sai direba ya haddace inda kowane dutse ya faɗo, wasu ma sukan ɗiga alama a gefen allo. Daga ƙarshe a zaunar da ƙaramin yaro dab da bamba, mota a kashe an sa weji, a duba ko kansa yana fitowa a allo. In bai fito ba, makahon wurin yana nan, an dai rage masa girma.

Ko bayan wannan awo da sauran rina a kaba. Motar da aka daidaita ba kaya, idan aka ɗora mata buhunan gero sai bayanta ya zauna, kyamara ta ƙara sunkuyawa, layin da aka sani mita ɗaya ne ya koma ƙasa da mita, don haka ya fi dacewa a yi awon da irin lodin da motar ta saba ɗauka. Layukan kuma a kan ƙasa aka auna su, ba su da abin cewa game da abin da ke sama da ƙasa, kamar bakin rumfar kwano ko reshen gawo ko bayan wata gingimari da ya zarto gaban tayoyinta, kuma duk waɗannan sukan bayyana nesa fiye da inda suke.

Sauran wahalar ta ƙasa ce da yanayi. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin burji da ke shiga ƙauyuka a bayan mota take taruwa, don haka gilashin kyamara yakan dushe cikin tafiya ɗaya, kuma goge shi da busasshen tsumma mai yashi yana karce shi har ya daina nuna hoto mai kyau. Gargada tana sassauta ƙusoshi ta sauya karkatar da aka sha wahala kafin a samu, ruwan damina yana bin ramin da aka huda wa waya idan ba a toshe shi da kyau ba, rana kuwa idan ta yi ƙasa ta fuskanci bayan mota, kamar yadda take yi wa mai tafiya daga Maraɗi zuwa Agiye da la'asar sakaliya, sai allo ya yi fari fat.

Tsofaffin direbobi ba su ƙi kyamara ba, domin babu wanda ya taɓa ganin an ciro yaro daga ƙarƙashin mota da zai raina abin da ke nuna masa gindin bamba. Ƙorafinsu a kan yadda ake amfani da ita ne. Sun lura cewa matashin da ya samu allo yakan kafa masa ido ya bar madubai, alhali lokacin da ake ja da baya ana murɗa sitiyari, gaban mota yana yin waje ya share abin da ke gefe, kuma kyamarar da ke bayan tirela ba ta nuna yadda kan mota ke naɗewa da jikinta. Sun kuma lura da wani abu da ya wuce tuƙi, cewa allo ba ya korar akuya, ba ya ɗaga tsoho daga tabarma, ba ya gaya wa mai amalanke ya matsa, kuma mai motar da ya sallami karen mota don ya sayi kyamara ya rufe makarantar da shi kansa direbansa ya fito daga cikinta, tunda yaron da ya shekara yana tsaye a bayan gingimari yana auna nisa da ido shi ne yake zama direban da ya san girman motarsa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a bayan mota yake koyon wannan kimar.

Shawarar da suke ba masu motocin da ke lodi a tashoshin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji ita ce a ɗaura kyamarar a auna ta da duwatsu, a sake awon bayan kowace damina, a bar karen mota a bakin aikinsa, kuma direba ya sauko ya zagaya motarsa da ƙafa kafin ya sa giyar baya a duk inda yara ke wasa.