Diyya da Fansa a Bakin Kainji

Da ruwan Kainji ya haɗiye tsibiran Gungawa a 1968, gwamnati ta ƙirga gidaje, ta gina sababbin ƙauyuka a madadinsu. Wannan ita ce diyya: dukiya take aunawa, kuma ban taɓa jin an sa wa kushewar kakanni farashi ba. Shi ya sa kalmar fansa, wadda mu Kiristocin Yauri da Shanga ke yawan ambata, take tsaya mini a rai. A bangaskiyarmu, mutumin kansa Almasihu ya fanso da jininsa, ba tare da leƙa rumbunsa ba.

Yau samarin Ngaski kan yi sammakon shiga ramukan zinariya. Ban ga laifinsu ba, domin yunwa ba ta jiran wa'azi. Amma ran da rami ya rufta, sunan yaron uwarsa ke kira a bakin ramin, ba ta tambayar awon da ya haƙo.