Kwamfutar Malami a Birnin Injamena

Birnin Injamena yana bakin kogin Shari, daidai inda kogin Logon ya zo ya haɗu da shi, yana fuskantar garin Kuseri na ƙasar Kamaru. Ƙasar Cadi ba ta da teku. Kayan da jirgin ruwa ya sauke a Duwala sukan hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sa'an nan manyan motoci su bi da su ta Garwa da Marwa, su ƙetare gadar Ngeli, tafiyar wajen kilomita 1,800. Waɗansu kayan kuwa ta Maiduguri da Gamboru suke shigowa. Kowane zango da kuɗinsa. Saboda haka, kafin sabuwar kwamfuta ta iso kanti, kuɗinta ya riga ya fi ƙarfin mutumin da ke zaman jiran ƙarshen wata.

Akwai wani malamin firamare a unguwar Shagwa wanda wannan tsada ta dama shekara da shekaru. Da Faransanci yake koyarwa, shi ne kuma magatakardan ƙaramar ikilisiyarsu, inda ake sujada da Hausa. Tambayoyin jarrabawa, da makin yara, da sanarwar ranar Lahadi, duk da hannu yake rubuta su, ya kai shagon masu buga takardu, ya biya kuɗin kowane shafi. In mai bugun ya yi kuskure, ya sake biya. Sau da yawa kuwa yakan yi, gama ba ya jin Hausa. Da malamin ya lissafta abin da shagon ke ci a shekara, sai ya zauna da matarsa. Ya kawo abin da ya tara, ita kuma ta ɗora masa kwasar adashinta da ta yi niyyar sayen keken ɗinki da ita. Duka-duka jika 150 ne, watau sefa 150,000. Irin wannan kuɗi ba a yin gwaji da shi. In ya ɓace, keken ɗinkin ya ɓace ke nan, za a kuma daɗe ana tuna shi a cikin gida.

Mai taimakonsa ɗan ƙanwarsa ne, saurayi mai koyon gyaran waya a kusa da kasuwar Dembe. Yaron ya ce, "Kawu, me zai hana ku sayi ta hannu, irin wadda ake naɗewa? Tana da batir ɗinta, ko an ɗauke wuta aiki bai tsaya ba." Maganar tana da hujja, bai kamata a raina ta ba. Amma ta hannun da jika 150 zai saya, tsohuwa ce wadda batir ɗinta ya riga ya gaji, cikinta kuma a matse yake, zafi ba ya samun hanyar fita. In yaro ya zuba ruwa a kan madannanta, ciwon ya shiga har ciki. Ta tebur kuwa kamar keke take: sukudireba ɗaya ya isa a buɗe ta, abin da ya lalace a cire shi kaɗai a sa wani. Gidan malamin akwai yara huɗu. Ya zaɓi ta tebur.

Ba sababbin sassa suka harhaɗa ba. Ofisoshin Turai da Amurka sukan sauya injunansu bayan 'yan shekaru, tsofaffin su gangaro Afirka a matsayin gwanjo. Suka sami akwatin Dell OptiPlex mai ƙwaƙwalwar Intel Core i5 ta ƙarni na huɗu, irin wadda ta fito a 2013. Mai karatu zai ce ta tsufa. To, da tsohuwar zuma ake magani. An ƙera irin waɗannan injuna domin su wuni a kunne a ofis kowace rana, rubutu da lissafin maki kuwa ba su fi ƙarfinsu ba ko kaɗan. Kafin su biya, yaron ya sa mai kaya ya kunna ta a gabansu, ya bar ta ta yi rabin sa'a tana aiki, yana sauraron ƙarar fanka. Ya duba bayanta kuma, domin waɗansu tsofaffin injunan Amurka suna da ɗan jan maɓalli mai lamba 115 da 230. Wutar Cadi volt 220 ce. Wanda ya jona injin yana kan 115, ƙara ɗaya zai ji, sai hayaƙi.

A gida suka shimfiɗa tabarma suka buɗe ta. Ram ɗinta gigabait 4 ne, suka ƙara mata wani 4 irin nasa, DDR3. Suka cire tsohon faifan ajiya, wanda ke juyi sau dubbai a minti guda da allura a kansa, suka sa SSD mai gigabait 256, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Wannan canji kaɗai ya sa injin da kan yi minti biyu kafin ya farka ya koma tashi kafin mutum ya gyara zama. Suka ɗaga ƙarfen da ke shan zafin ƙwaƙwalwa, suka tarar man da ke tsakaninsu ya bushe kamar tsohuwar laka. Yaron ya goge, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Suka sauya ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe wa injin kwanan wata. Allon kallo shafaffe suka saya, mai inci 19, shi ma gwanjo, domin tsohon irin nan mai ƙusumbi ya fi cin wuta ninki biyu ko fiye.

A nan ne gardama ta tashi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ya rage, kowa kuma da abin da yake so a yi da shi. Yaron yana son katin hoto, wai domin injin ya iya wasanni. Uwargida tana son firinta, hujjarta kuwa mai ƙarfi ce, tun da shagon buga takardu ne ya jawo maganar tun farko. Malamin ya ce a'a, sitabilaiza za a saya, da akwatin batir ɗin nan da ake ce wa UPS. Matar ta ce, "Baban yara, watau kuɗin adashina za ka zuba a akwatin da ba ya rubutu, ba ya buga takarda, aikinsa kuka kawai in an ɗauke wuta?"

Malamin ne mai gaskiya, ko da yake gaskiyar ba ta da daɗin ji. A Cadi, mutanen da wutar lantarki ta isa gidajensu ba su wuce kamar ɗaya cikin goma ba, waɗanda ta isa wurinsu a babban birnin kuma ba su san lokacin zuwanta ko na tafiyarta ba. Ɗaukewar ba ita ce babbar matsala ba. Dawowar ita ce abin tsoro, gama wani lokaci takan dawo da ƙarfin da ya wuce kima, wani lokaci kuma da rauni har ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi. Janaretan maƙwabta ma ba shi da tabbas. Sitabilaiza yana daidaita wutar kafin ta shiga injin. UPS kuwa yana riƙe shi na 'yan mintoci, daidai yadda mutum zai adana rubutunsa ya kashe cikin natsuwa. Injinan da ke jibge a bayan shagunan masu gyara, da yawa ba tsufa ne ya kashe su ba. Masu su sun sayi doki ne suka hana shi linzami. Abin da ya sa mutane ke ƙin sayen waɗannan akwatuna biyu shi ne, baƙo ba ya yaba su. Ba wanda zai shigo ɗaki ya ce, kai, wannan sitabilaiza ya yi kyau.

Sai maganar abin da za a zuba wa injin. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar ƙwaƙwalwar da ta tsufa haka. A kasuwa akwai masu zuba ta sata a kan kuɗi kaɗan. Malamin ya ƙi, ya ce bai ga yadda zai rubuta sanarwar ikilisiya da kayan sata ba, alhali ga na halal kyauta. Suka sa Linux Mint, wadda ke zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi. Ya sha wuyar sati biyu kafin hannunsa ya saba. Akwai kuma wani cikas: takardar da ya tsara a gida, in an buɗe ta da Word a shago, layuka sukan goce. Maganin shi ne ya mayar da ita PDF kafin ya sa a filashi, mai shago ya buga ta yadda take, ba ya taɓa ko harafi ɗaya. Kuɗin bugu kaɗai yake biya yanzu, ba na rubutu.

Madannai na tsarin Faransa ya saya, wanda layinsa na sama ya fara da AZERTY, domin yana da wasulan Faransanci masu alama a kai. Na Nijeriya QWERTY ne. Ba ɗayansu da ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, amma haruffan suna nan a cikin injin, sai dai a nuna masa inda za su fito. Da yaron ya ƙara masa tsarin madannan Hausa, malamin ya zauna ya rubuta "ƙasa" da "kasa" a jere, ya daɗe yana kallonsu. Shekaru da yawa yana bin takardun shago da biro yana ɗora wa haruffa ƙugiya.

Saura abokan gaba biyu waɗanda kuɗi ba ya korarsu. Na fari zafi. Daga Maris zuwa Mayu, zafin Injamena yakan haura digiri 40 da rana, ɗaki mai rufin kwano kuwa ya fi haka. A waɗannan watanni malamin ba ya kunna injin tsakanin tsakar rana da la'asar, sai da asuba ko da dare, in wuta ta yarda. Na biyu ƙura. A arewacin Cadi ne kwarin Bodele yake, wanda masana suke lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, har iska takan ƙetare tekun Atlantika da ita. Da hunturu, fankar kwamfuta tana zuƙar wannan ƙura tana tara ta kamar auduga a jikin ƙarfen shan zafi, injin ya riƙa ɗumi yana mutuwa da kansa. Duk wata yaron yakan zo ya fitar da akwatin tsakar gida, ya riƙe fankar da yatsa, ya hure ta da famfon keke. Zane ake rufa mata, amma sai bayan an kashe ta ta huce. A kan tebur take zaune, ba a ƙasa ba, gama mutanen birnin ba su manta da ambaliyar Oktoba 2022 ba, sa'ad da ruwa ya mamaye unguwar Waliya a hayin kogi.

Firinta har yanzu ba a saya ba, keken ɗinki kuma sai adashi ya sake zagayowa. Yaron ya riga ya faɗa musu cewa batir ɗin UPS ba ya daɗewa a ƙasar zafi, zai nemi canji tun kafin sauran kayan su nuna gajiya. Uwargida ce ta samo gwangwanin madara ta huda murfinsa. Duk wanda malamin ya rubuta wa takardar neman aiki a unguwa, kuɗin a ciki ake jefawa, gwangwanin kuma a ɗakinta yake kwana.