Shekarar da Irin Auduga Ya Daina Zuwa

A ƙauyenmu da ke ƙasar Bici babu saura, gona tana jingine da gona, gero da dawa da wake duk a kunya ɗaya. Bayan cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, Baba ya ware ɗan fili bayan gida ya koma wa auduga. Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa biyu ne: gwamnati tana raba iri kyauta ta hannun dagaci, kuma Hukumar Auduga tana faɗin farashi tun kafin a kai kaya kasuwa.

Da hunturu muke tsinka. Ɓawon kan soke gefen farce har jini ya fito, Inna tana ta jan kunne kada ganye ko ƙasa su shiga buhu. Ranar awo muka fi tsoro. Malamin awo zai cusa hannu har gwiwa cikin buhu, ya zaro dunƙule ya ɗaga wa rana. Na sha ganin Baba, wanda ko a gaban hakimi muryarsa ba ta rawa, yana haɗiyar yawu, don in aka ce lamba biyu, kuɗin atamfar Inna ya tafi. Daga nan motoci su kwashe zuwa gidan gurza.

A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Ni dai murna na yi, domin 'yan kasuwa sun shigo har ƙofar gida da kuɗi a hannu, farashi ya ɗaga, ba mai cusa hannu a buhu. Baba kuwa ya yi shiru. Wata rana ya ce mini, "Yaro, wanda ba ya duba kayanka yau, gobe ba zai neme ka ba." Lokacin ban gane ba.

Irin gwamnati mai magani ya daina zuwa. Muka koma sayen angurya a kasuwa, gauraye, rabi ba ya tsirowa. Wasu suka fara yayyafa wa auduga ruwa da yashi don ta yi nauyi, mutuncinta ya zube. Masaƙun Kano da Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sai da na girma na ji cewa Amurka tana biyan manoman audugarta kuɗin tallafi da ke karya farashi, har a 2003 Mali da Benin da Cadi da Burkina Faso suka kai kuka Ƙungiyar Ciniki ta Duniya.

A 2019 Babban Bankin Najeriya ya kawo rancen iri da taki ga manoman auduga. Baba bai kai ba, Allah ya jiƙansa. Masu tsara irin wannan shiri, don Allah ku sani: manomin da gonarsa ba ta cika eka biyu ba, ba zai hana gero wuri ba sai ya san mai saye da farashi tun kafin shuka.