Gajiyar da Barci Ba Ya Korewa

Ƴan uwana na Malbaza, Galmi, Dogerawa, Ƙonni da Illela. Rubutun yana da tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe, don maganar ta shafi kusan kowane gida.

Gajiya iri biyu ce. Akwai ta aiki: wanda ya wuni yana dashen albasa a garka, ko yana lodin buhun siminti, ko macen da ta yi daka ta ɗebo ruwa ta ɗora tukunya. Wannan in an ci an ƙoshi an kwanta, da safe sai a tashi garau. Akwai kuma wadda ke kwana da mutum ta tashi da shi. Hantsi bai gama dubawa ba ya fara hamma, ƙafafu sun yi nauyi, ana magana hankalinsa na wani wuri, mako ya bi mako haka. A kan wannan ta biyu nake magana, domin mun saba yi mata ɗayan abu biyu: ko mu kira mai ita rago, ko mu miƙa masa ƙwaya. Duka biyun zalunci ne ga jiki. Hausawa sun ce jiki magayi, to gajiya irin wannan saƙo ce, kuma akwai abin da ya aiko ta.

Mu fara da barci. Masana lafiya sun ce baligi na bukatar aƙalla awa 7 a dare. Mu yi lissafin dare ɗaya a garinmu. Bayan isha'i a tafi fada, a hura gawayi, a ɗora buta. Shayi na farko mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, hira ta kai sha biyu. A koma gida a kwanta da salula a hannu, a bi WhatsApp da TikTok har ƙarfe ɗaya. Wajen ƙarfe biyar ladan ya kira asuba. Awa 4 ke nan. Kuma sinadarin da ke cikin shayi da kofi da goro, wanda ke wartsake ido, sai ya yi kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Shayin goman dare yana nan yana aiki har cikin sulusin dare: ido a rufe, amma barcin bai yi zurfi ba.

Sai bazara ta zo ta ƙara nata. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ɗakin kwano ya riƙe shi har tsakar dare. Tashar lantarki mai aiki da hasken rana da aka buɗe a Malbaza a 2018 da rana take ba da wuta, zafin da ke hana barci kuwa na dare ne, kuma ba kowane gida ke da fanka ba. Abin da ke hannunmu shi ne a yayyafa wa tsakar gida ruwa da yamma, a kwana waje cikin gidan sauro, a tsayar da shayi mai ƙarfi tun la'asar, a yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30 ba ta awa biyu ba. A kuma sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama. Wanda fitsarinsa ya yi ja-ja-ja a lokacin zafi, jikinsa ruwa yake nema, kuma ƙarancin ruwa kaɗai na kawo kasala da ciwon kai.

Amma abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin jini, domin shi ne ke cin matanmu a ɓoye. Babban binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kusan rabin matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuwa sama da 7 cikin 10. Jini ne ke kai iska ga kowane sashe na jiki. In ya yi ƙasa, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba sai ta sa haki, zuciya ta riƙa bugawa, jiri ya ɗebi mutum in ya miƙe. Dubi macen da ta haihu bara, ga wani cikin, ga goyo, ga daka, kuma ita ce ta ƙarshe wajen cin abinci. In ta ajiye taɓarya ta dafa turmi tana mai da numfashi, sai a ce son jiki ne. Maigida, kafin ka faɗi haka, kai ta cikin haske, ka ja fatar idonta ta ƙasa, ka buɗe tafin hannunta. In maimakon ja ka ga fari fat, ba faɗa take bukata ba, likita take bukata.

Me ke shanye jinin? Haihuwa kusa da kusa, jinin al'ada mai yawa, zazzaɓin cizon sauro da ke dawowa kowace damina daga Yuli zuwa Oktoba, tsutsar ciki, da tsargiya ga masu shiga ruwan madatsa da magudanan noman rani irin na Ƙonni. Yaron da ke fitsarin jini ba alamar girma ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani. Sai abinci. Ba sai mai kuɗi ba: wake, kwaɗon zogale, rama, yakuwa, ƙwai, kifi, hanta ko sau ɗaya a mako. A matsa lemun tsami ko a yanka tumatir a kai, domin suna taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi. Shayi kuwa akasin haka yake yi in an sha shi a kan abinci, don haka a jinkirta shi da awa ɗaya ko biyu. Mai ciki ta je awo, ta karɓi jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, ta sha su kullum kamar yadda ungozoma ta ce, kada ta zuba su ƙarƙashin katifa don sun sa ta tashin zuciya. Ta koma ta faɗa, akwai dabara.

Akwai wasu cututtukan da gajiya ce sallamarsu ta farko. Wanda ke yawan ƙishirwa, yana tashi fitsari sau da yawa da dare, yana ramewa, ya auna suga. Wanda tari ya wuce masa mako 2, ga zufar dare, a duba masa tarin fuka. Maganinsa kyauta ne. Wanda ke minshari mai ƙarfi har numfashinsa ya ɗauke ya farka a firgice, ya yi awa 8 a kwance amma ya wuni yana gyangyaɗi, wannan ciwo ne da likitoci suka sani, kuma yana tafiya da hawan jini. Uwargida ce ke ganin wannan, ta daure ta faɗa masa. Sai damuwa: bashi, rashin ciniki, albasa ta faɗi a kasuwa, miji ya tafi ci-rani shiru. Mutum ya daina jin daɗin komai, ya farka tsakar dare yana ta saƙe-saƙe. Wannan ba raunin imani ba ne. A yi addu'a, a kuma samu wanda za a buɗe wa ciki, in ta ƙi sauƙi a ga likita.

Yanzu ga ƙannena ƴan kabu-kabu, leburori da direbobin da ke bin babban titi daga Ƙonni zuwa Maraɗi. Na san abin da ke kai ku ga tiramol da kofi mai haɗi: aiki ba ya jira, iyali na jiran cefane. Amma ƙwaya ba ta cire gajiya, rufe mata baki take yi. Bashi ne kake ci daga jikin gobe, kuma da ruwa za ka biya. Yau ɗaya ta isa, wata mai zuwa sai biyu, daga nan in ba ka sha ba ko tashi ba ka iyawa. Tiramol mai yawa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma ba ta zaɓen wuri, ko a kan babur ko a bakin rijiya. Direban da barci ya kama ya sauka gefen hanya ya runtsa. Kaya su makara ya fi a kai gawa gida.

Haka nan masu cewa a yi musu ƙarin ruwa duk lokacin da jiki ya mutu, da masu sayen “maganin gajiya” wajen mai tallar magani a kasuwa. Ledar ruwa ba ta ƙara jini, ba ta kashe ƙwayar zazzaɓi, kuma ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗiya kullum na iya ƙwarzane ciki har ya riƙa zubar da jini a ɓoye. Kuɗin da ke tafiya can ya isa awon jini. Muna da cibiyoyin lafiya na CSI a garuruwanmu, ga asibitin Ƙonni, ga na Galmi da ke aiki tun 1950. A nemi awo uku: yawan jini, zazzaɓi da suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce awon jini ƙasa da 13 ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki, ƙaranci ne.

Ga shawarata. Ka gyara barcinka, shan ruwanka da abincinka na mako 2. In gajiyar ba ta saki ba, je awo. In kuwa akwai haki, kumburin ƙafa, baƙin bayan gida, ido ya yi rawaya ko rama ba dalili, kada ka jira ko kwana ɗaya.

Magidanta, ku rage wa matanku aiki, ku sa musu nama a kwanonsu. Malaman makaranta, ɗalibin da ke barci a aji a tambaye shi ko ya karya kafin a ɗaga bulala. Duk wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba. Lafiya uwar jiki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a guminmu, amin.