Kaska Ba Abin Raini Ba Ce

Jama'ar zango, mu mutanen Ka'akiyya kara da kwata su ne maƙwabtanmu, da fawa da dillancin tumaki waɗansunmu ke ci. Kaska kuwa mun raina ta, mukan cire ta daga kunnen rago mu murƙushe da farce.

To, a 1989 da 1990 zazzaɓin Kirimiya da Kwango, wanda kaska ke ɗauke da shi, ya kama mutane a nan Makka, har aka yi rashi. A 1995 kuma likitocin Jidda suka gano wani iri a jinin mahauta, aka sa masa suna Alkurma. Dukansu cizon kaska ke kawo su, ko jinin dabba ya shiga rauni a hannu.

Farkonsu kamar kowane zazzaɓi ne, watau ciwon kai da na gaɓoɓi, daga baya sai ɗigo-ɗigo a fata, ko haɓo. Likita kuwa ba ya neman abin da bai zata ba a cikin jini. Saboda haka in mun kai mara lafiya asibiti, mu faɗi sana'arsa tun ba a tambaye mu ba, balle bayan layya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.