Lokacin da Muke Ƙirga Yara da Hannu

A watan Satumba na 1976, da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin UPE na ilimin firamare kyauta, masu tsare-tsare a Legas sun yi lissafin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya. Kusan miliyan 3 suka zo. Mu da aka yaye a gurguje daga kwalejojin horon malamai, aka rarraba a makarantun kewayen Samaru Kataf, mun ga wannan rarar da idonmu. Iyaye suka yi ta kawo 'ya'ya, Atyap da Bajju da Hausawa da Fulanin ruga, yawancinsu ba takardar haihuwa. Sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya taɓa kunnen ɗaya ɓangaren. In ya taɓa, an ɗauke shi. In bai kai ba, sai baɗi.

Ƙididdigarmu a lokacin ba ta wuce rajista ba. Safe da rana ana kiran suna, ran Juma'a a haɗa jimillar mako, ƙarshen wata hedimasta ya tattara ya aika Kachia, domin ba a ba mu ƙaramar hukumar Zangon Kataf mai hedikwata a Zonkwa ba tukuna. Abin da ya sa alƙaluman nan suke da nauyi shi ne akwai mai zuwa ya gwada su. Sufeton makarantu kan sauka daga babur ba sanarwa, ya karɓi rajista, ya ce yara su miƙe, ya ƙirga kawuna. Daga nan ya wuce bencin baya, ya miƙa wa yarinyar da ta fi kowa sunkuyar da kai littafi, ya ce, "Karanta mini nan." In ta yi shiru, ba ita yake kallo ba. "Malam, wata nawa take hannunka?" Tambayar nan kan hana mutum barci, kuma ita ta sa da yawanmu muka koyi aikin.

Bayan an ƙaddamar da sabon shirin ilimin bai-ɗaya, UBE, a Sakkwato a 1999, aka yi dokarta a 2004, hukumar SUBEB ta zama uwar makarantun firamare a jiha. Fom ɗin ƙididdiga ya yi kauri. Kowace shekara sai an ƙirga ajujuwa, bencina, makewayi, rijiya, malamai maza da mata. Ban raina wannan aiki ba, domin na ga ajin da iska ta yaye wa kwano an sake yi masa rufi saboda ya shiga lissafi. Sai dai fom yana tambayar yara nawa ke cikin rajista, ba nawa ne suka zo ranar kasuwa ko lokacin haƙar citta ba, balle nawa ne suka iya karatu.

A farkon 2016 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta fara ciyar da 'yan firamare, ta kuma sanar cewa yawan ɗalibai a jihar Kaduna ya tashi daga kimanin miliyan 1.1 zuwa 2.1. Na yarda yaran sun zo, don na gan su da kwanukansu, wasu ma ba su isa shiga makaranta ba, yayyensu ne suka goyo su. Ciyar da yaro mai jin yunwa alheri ne. Amma ajin da ya ninka, malaminsa ɗaya ne, allonsa ɗaya, kuma bayan an ci abinci sai ka ga benci ya fara yin fili.

Sai jarrabawar 2017. Aka ba malamai kusan 33,000 tambayoyin 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su, aka yi shelar ɗaukar sababbi 25,000. A 2022 aka sake sallamar 2,357. Cikin waɗanda abin ya shafa a yankinmu akwai waɗanda, tsakani da Allah, bai kamata a ba su alli ba tun farko, kuma 'ya'yan talakawa ne suka yi shekaru suna biyan wannan bashi. Akwai kuma waɗanda na san sun koyar da yara har suka iya karatu, suka koma gona da baƙin ciki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗannan dubbai ba su ɗauki kansu aiki ba. Wani ya sa hannu a takardar ɗaukarsu, wani ya yi ta rubuta rahoton cewa komai lafiya lau, shekara bayan shekara. In za a auna malami, a auna ofishin da ya ɗauke shi ya kuma bar duba shi.

Jihar tana da Hukumar Ƙididdiga, tana da kwamfuta da ma'aikatan da mu ba mu taɓa mafarkin samu ba. Ina so kowace shekara a liƙa a sakatariyar Zonkwa, makaranta bayan makaranta, yawan 'yan aji huɗu da suka iya karanta shafi guda, da ranar da jami'in duba makarantu ya taka wurin na ƙarshe, da sunansa.